Haƙoran da Ke Ƙara da Tsakar Dare

Da tsakar dare na fara jin ƙarar, ƙiris-ƙiris, kamar ɓera na gurgurar ƙwarya. Ina haska tocila sai na ga autata ce, 'yar aji shida, take cin haƙora cikin barci. Kakarta ta ce tsutsar ciki ce. Muka ba ta magani, ba abin da ya sauya.

Sai da turminta na ƙasa ya yi kogo, kumatu ya kumbura, sannan muka tashi daga Ƙofar Marusa zuwa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Likitar ta leƙa bakin, ta ga saman turamen ya siɗe, ga wani ɗan gyambo a cikin leɓe. Ta tambaye ta, "'Yata, me ke damunki a makaranta?" Yarinya ta fashe da kuka.

Ashe bulalar makara take tsoro. Shi ya sa take fita da gudu, ba buroshi ba aswaki, ba ta ko karya kumallo, kuɗin tara kuma ya ƙare a kan alawa da tuwon madara a bakin get. Ga wasu 'yan aji da ke mata dariyar wushirya, har ta daina buɗe baki. Daga boko sai Islamiyya, daga nan sai lesin na jarrabawar shiga sakandare. Ni da nake uwa, wallahi ban lura ba, sakamako kawai nake tambaya.

Fargaba tana busar da baki, kuma miyau shi ne ke wanke tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa bayan sun ci sukari. In ya ƙaranta, tsamin nan ya samu sarari ya ci haƙori. Turamen farko na dindindin suna fitowa ne wajen shekara 6, daidai shigar yaro firamare, iyaye kuma su ɗauka na famfara ne, za su zube. Ba sa zubewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce yara miliyan 514 ne ke da ruɓewar haƙoran nono.

An cike kogon. Na je na zauna da malaminta, muka yi magana ta fahimta, na kuma soke lesin ɗin dare. Yanzu tare muke goge baki bayan Isha'i, tana ba ni labarin aji da kumfa a bakinta.