Yaron da Ya Gano Mai Kiran Wuta-Wuta Cikin Gona

Mai karatu, a ce ɗanka ne. Makarantar da za ta karɓe shi tana can wani gari, nisan kilomita 20 daga ƙauyenku, kuma ba abin hawa sai ƙafarsa. Za ka sake shi ya tafi, ko za ka ce boko ya jira sai ya yi ƙwari? Wata mata a ƙauyen Wollonkomi na ƙasar Habasha ta ce sai ɗanta ya tafi. Sunan yaron Gebisa Ejeta, an haife shi a 1950 cikin bukka ɗaya tilo mai daɓen ƙasa. Duk yammacin Lahadi ya kama hanya, duk Juma'a ya tako ya dawo gida. Wa zai ce wannan ƙafa mai ƙura za ta taka fadar shugaban Amurka wata rana?

Yaro ya yi kai. Daga makarantar aikin gona ta Jimma ya wuce kwalejin Alemaya, ya gama a 1973. Ana nan sai ga wani masanin dawa daga Amurka, John Axtell, ya zo tattara ire-iren dawar Habasha, aka haɗa shi da wannan saurayi ya taya shi aiki. Axtell ya ga ƙwazonsa, ya gayyace shi Jami'ar Purdue a jihar Indiyana. Kafin 1978 ta ƙare, Gebisa ya zama dakta.

To, ga tambaya ta biyu. Digiri na hannunka, kana zaune a Amurka, ƙasarku kuwa sojojin da suka tumɓuke Sarki Haile Selassie a 1974 sun jiƙa ta da jini. Ina za ka dosa? Shi dai Sudan ya nufa a 1979, ya kama aiki da cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT cikin ranar nan mai narka ƙwaƙwalwa. A 1983 aka fitar da dawarsa mai aure, Hageen Dura-1, wadda ke jure fari, a gonakin gwaji kuma ta fi irin gargajiya yabanya da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari. Daga baya wata mai suna NAD-1 ta fito domin manoman Nijar. Da wani ne, da ya tsaya nan ya ci moriyar suna. Amma akwai abokin gaban da ya hana shi barci, kuma na tabbata kai ma ka san shi.

Wuta-wuta ke nan, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ka shiga gonar da ta kama ka gani: ƙasa da laima, an yi ruwa shekaranjiya, amma dawa ta tsugune, ganye ya yi rawaya ya nannaɗe kamar an kwana arba'in ba a ga hadari ba. A gindinta ga wani ɗan tsiro siriri da fure ja-ja, kyakkyawa kamar na ado. Ka tuge shi ka ga dama, aikin gama ya gama, domin tun yana ƙarƙashin ƙasa ya soka bakinsa a saiwar dawa yana tsotsar ruwa da abinci makonni kafin ya leƙo. Tsiro ɗaya kan zubar da 'ya'ya dubun dubata, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma ba su mutu ba, ba su tsiro ba. Me suke jira? Kuma yaya aka yi suke sanin ranar da dawa ta iso?

A nan ne labarin ya ɗaure kai: dawar ce da kanta ke kiran su. Saiwarta na fitar da wani sinadari cikin ƙasa, ƙwayar wuta-wuta ta ji shi ta farka. Hausawa sun riga sun faɗa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masana sun daɗe da sanin haka, sai dai ba wanda ya iya mai da sanin ya zama iri a hannun manomi. A da, mai binciken iri sai ya shuka ɗaruruwan dawa a gonar da ta kamu, ya jira damina guda, ya bi yana ƙirga tsiron wuta-wuta. Bana wannan iri ya tsira, baɗi ya faɗi, ba a san dalili ba. Kai ne, da ba ka tattara komatsanka ba?

Gebisa ya koma Purdue a 1984, ya haɗa kai da wani masanin sinadarai, Larry Butler, suka ce bari a shigo da gonar cikin ɗaki. Sai su sami ɗan faranti, su zuba wani abu mai kauri kamar kamu, su barbaɗa 'ya'yan wuta-wuta a ciki, su kwantar da jaririn tsiron dawa a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki su duba da madubin ƙara girma. In 'ya'yan da ke nesa da saiwa sun farka, wannan dawa mai ƙarfin murya ce. In kuwa sai na dab da ita, abin da bai kai santimita ɗaya ba, to an sami mai raɗa. Aikin damina ya koma na mako.

Ba su tsira daga kuskure ba. Da farko wani sinadari mai maiƙo da Butler ya gano a saiwar dawa aka ɗora wa laifi, sai aka lura mai jurewa da mai faɗuwa duk suna fitar da shi. Ashe masu laifin wasu ne daban, dangin wanda aka fara samu a saiwar auduga tun 1966. Wannan ma abin lura ne ga manomi: auduga na tashe 'ya'yan wuta-wuta, su kuwa ba sa iya kama ta, sai su mutu da yunwa, shi ya sa sauya shuka ke rage ta. Kuma kada ka zargi dawa da wauta. Idan ƙasa ta gaji, sinadarin nan na takin supa ya yi ƙaranci, dawa kan yi kiran ne domin wasu halittu masu kama da zare, dangin naman kaza, su zo su taya ta jawo abinci. Kukan neman agaji take yi, ɓarawo ya amsa.

Wata dawa mai suna SRN39 ta fita zakka a faranti. Daga irinta aka haɗa sababbi, a 1994 aka aika tan takwas na iri zuwa ƙasashen Afirka, har da Nijar da Gana da Mali da Sudan. A 2009 Gebisa ya karɓi babbar kyautar abinci ta duniya. Amma ka tambaye shi a ranar, wace ƙwayar gado ce ta sa SRN39 ta gagari wuta-wuta? Ba shi da sunanta.

A shekarar nan ta 2009 aka kammala karanta kundin halittar dawa, ƙwayoyin gado sama da dubu talatin a ɗaure cikin dami goma. Gebisa da ɗalibansa suka shiga laluben allura cikin ruwa, har 2017, sannan suka dafa ta a dami na biyar, suka kira ta LGS1. Kana zaton wani makami suka tarar da SRN39 ta fi sauran da shi? Ko kusa. Ƙwayar babu ita sam, ta gutsure ta ɓace. Rashinta ne ya sa dawar ta sauya murya: tana nan tana kira, abokanta na ƙasa suna ji suna zuwa, amma wuta-wuta ba ta gane muryar ba. A Oktoban 2023 Shugaba Biden na Amurka ya rataya wa yaron Wollonkomi lambar girma ta kimiyya a fadarsa.

Yaƙin bai ƙare ba, domin an sami wuta-wutar wani yanki na Kenya da ke amsa sabuwar muryar, kuma iri kaɗai ba ya isa sai da taki da tattalin ruwa. Sai dai abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken da wasu masana suka fitar a 2020. Sun bi kundin halittar dawar gargajiya ta Afirka, sai ga wannan gutsurewa ta LGS1 a cikin ire-iren manoma, kuma ta fi yawa a inda wuta-wuta ta fi addaba. Wato kakannin da ke bin gona lokacin girbi suna ware zangarniyar da ta tsaya a tsakiyar ɓarna, su rataye ta domin baɗi, sun riga madubi da kwamfuta zaɓar ta. Mai karatu, damin irin nan da ke rataye a rumbun gidanku, yaushe rabon da ka tambayi tsohon da ya ɗaure shi dalilin da ya sa ya zaɓi waɗannan zangarnu?