Gwatamala: Biranen da Gudu Ya Cece Su

Duk wanda ya nemi kamfanin yawon buɗe ido ya shirya masa tafiya Gwatamala, ƙasar nan da ke kudu da Meziko a Amurka ta Tsakiya, abu uku za a yi masa alkawari: tsohon birnin Turawan Sifaniya, duwatsu masu aman wuta, da kufan mutanen Maya a cikin kurmi. A takardar talla kowanne da shafinsa, sai ka ɗauka babu abin da ya haɗa su. Da ka sa ƙafa a ƙasar kuwa za ka tarar a sarƙe suke, har ba ka iya ba da labarin ɗaya ba ka jawo sauran ba.

Galibin baƙi da Antigwa suke farawa, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga babban birnin ƙasar. Ita ce mazauni na uku da Sifaniyawa suka kafa wa mulkinsu. Pedro de Alvarado ya shigo da yaƙi a 1524, ya fara zama a Iximche, birnin ƙabilar Kaqchikel, zaman bai yi daɗi ba aka koma gindin dutsen Agwa. A watan Satumba na 1541, bayan ruwan sama na kwana da kwanaki, laka da duwatsu suka gangaro daga dutsen cikin dare suka binne garin. Cikin mamatan har da matar Alvarado, Beatriz de la Cueva, wadda kwana biyu ke nan da naɗa ta gwamna bayan mutuwar mijinta. Sai aka matsa gaba kaɗan aka kafa sabon birni a 1543, shi ne Antigwa ta yau. Shekara 230 daga nan ake juya yankin da ya taso daga Chiapas ta kudancin Meziko har Kosta Rika, a nan kuma aka kafa jami'ar San Carlos a 1676.

Ran 29 ga Yuli 1773 girgizar ƙasa ta ruguza mafi yawan birnin. Hukuma ta ce ta gaji da gini ana rushewa, aka ba da umarni kowa ya tashi, zuwa 1776 an kafa sabuwar hedikwata inda take a yanzu. Wasu talakawa suka ƙi tashi, suka ci gaba da zama a tsakanin kangaye. To wannan gudun da manya suka yi shi ya ceci garin. Da kuɗi da sarauta sun zauna, da tuni an baje tsofaffin gine-ginen an tsayar da benaye na siminti da gilashi kamar ko'ina. Da aka rasa mai kuɗin rushewa, sai titunan da aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu suka tsira, haka gidaje masu hawa ɗaya da fenti ruwan ɗorawa da ja, har UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihi na duniya a 1979.

Tsoron girgizar ƙasa a rubuce yake a jikin ginin. Dubi majami'ar La Merced: hasumiyoyinta gajeru ne, jibga-jibga, bangon kuwa kauri kamar ganuwa, don kada ƙasa ta motsa su kife. Tsohuwar babbar majami'a har yau yawancinta ba rufi, kana tsaye a tsakiyarta kana kallon sama ta inda ƙubba take a da. Bakan Santa Katalina da kowa ke ɗaukar hoto a ƙarƙashinsa hanya ce aka yi wa mata masu zaman zuhudu su tsallake titi ba tare da idon jama'a ya gan su ba. Abin da ɗan jagora bai cika faɗa ba sai ka tambaya shi ne hannun da ya ɗauki duwatsun nan. Mutanen Maya ne, da aikin tilas da Turawan suka ɗora wa ƙauyukansu.

Daga kowane lungu na Antigwa ka ɗaga kai dutse za ka gani. Agwa na kudu, ya daɗe da yin shiru. Ta yamma akwai Akatenango mai tsayin mita 3,976, da maƙwabcinsa Fuwego wanda ba ya hutawa: a ranar da yake cikin halinsa, sau da yawa a awa guda sai ya yi tari ya furzar da toka. Dalili kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake. Ɓawon ƙasa da ke ƙarƙashin tekun Pasifik, wanda masana ke kira Kokos, yana kutsawa a hankali ƙarƙashin na Karebiyan, dutse ya narke a can ciki, ya nemi hanyar fita. Shi ya sa duwatsun suka jeru a layi ɗaya daura da gaɓar teku.

Masu ƙarfin gwiwa kan hau Akatenango su kwana a tanti don kallon Fuwego da dare, lokacin da jan narkakken dutsen ke fitowa fili. Hawan kan ci awa biyar zuwa shida, farko ta gonakin masara, sannan daji mai hazo, daga nan sai baƙin yashi da ƙafa ke nutsewa a ciki. Kada kalmar wuta ta ruɗi mutum ya tafi da 'yar shara: sanyin can sama kisa yake yi, a Janairun 2017 ya kashe mutum 6 a kan dutsen. Fuwego ma ba abin wasa ba ne. Ran 3 ga Yuni 2018 ya turo guguwar toka mai zafi ta shafe ƙauyen San Miguel Los Lotes, aka tabbatar da mutuwar mutum kusan 200, wasu da dama ba a ga ko gawarsu ba. Mai tambaya zai ce me ya zaunar da mutane a irin wannan wuri? Tokar ce. Ita ke sa ƙasar albarka, a kanta ake noman kofin Antigwa da ya yi suna a kasuwannin duniya, kuma talaka inda aikin gona yake nan yake kafa bukka.

Tafkin Atitlan shi ma aikin wuta ne: wani gagarumin aman dutse kimanin shekara 84,000 da suka wuce ya bar rami, ruwa ya cika shi, zurfinsa ya haura mita 300. Da jirgin ruwa mai inji ake zagaya garuruwan bakinsa, kuma gara a yi sammako, don da rana ta karkata iskar da suke kira Xocomil kan taso ta hargitsa ruwan. A nan kunne zai fara jin harsunan Tz'utujil da Kaqchikel sun danne Sifaniyanci, ido kuma ya lura cewa rigar saƙi ta mata, wadda suke kira huipil, kowane gari da irin adonsa, har wanda ya sani kan faɗi garin mace daga rigarta.

Tikal tana can arewa, a kurmin Peten mai zafi da gumi, kusan awa ɗaya a jirgin sama zuwa garin Flores, sannan mota. Kafin ka ga dala ko ɗaya, a bakin hanyar shiga za ka ci karo da wata ƙatuwar bishiya da Bahaushe ba ya bukatar a gabatar masa da ita: rimi ne, irin namu sak. Shi ne bishiyar ƙasa a Gwatamala, mutanen Maya kuma sun ɗauke shi ginshiƙin da ya haɗa sama da ƙasa da abin da ke ƙarƙashinta. Da asuba wasu birai masu ruri kan cika dajin da kara, baƙo ya rantse zaki ne.

Dalar da ake kira Haikali na Ɗaya, mai tsayin mita 47, kabarin sarki Jasaw Chan K'awiil ne, wanda ya hau mulki a 682 ya kuma ci babbar abokiyar gabarsu, masarautar Kalakmul, da yaƙi a 695. Mun san sunansa da shekarunsa ne saboda mutanen nan sun yi rubutu a kan dutse, suna da kalanda, suna lissafi da sifiri. An daɗe ana kallon rubutun kamar zane kawai, sai a 1952 wani Barashe, Yuri Knorozov, ya nuna cewa alamomin gaɓoɓin magana ne. Littattafansu kuwa guda 4 kacal suka rage, don limaman Sifaniya sun ƙone da yawa, kamar yadda Diego de Landa ya yi a Yukatan a 1562.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki a Tikal ruwa ne. Birni mai dubban mutane, ba kogi a kusa, ƙasar kuma ta farin dutse ce mai shanye ruwa. Sai suka shafe filayensu da farar ƙasa, suka karkata su yadda ruwan damina zai gangara cikin manyan tafkunan da suka haƙa, da shi ake cin rani. Tsari ne mai kyau matuƙar sama ba ta saɓa alkawari ba. Masana na ganin fari mai tsawo, da yaƙe-yaƙe, da sare daji ne suka taru suka karya birnin. Dutse na ƙarshe mai kwanan wata an kafa shi a 869, bayan nan jama'a suka watse kurmi ya rufe. Binciken da aka yi daga jirgin sama da hasken leza, aka bayyana a 2018, ya gano gine-gine sama da 60,000 a ƙarƙashin itatuwan yankin.

Sarakunan ne suka faɗi, mutanen suna nan. Garin Flores da baƙi ke kwana a cikinsa yana zaune ne a kan Nojpeten, masarautar Maya da ba ta faɗa hannun Sifaniya ba sai 1697. Ƙidayar 2018 ta nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasar Maya ne, da harsuna sama da 20. Yaƙin basasar 1960 zuwa 1996 ya ci mutum kimanin 200,000, kuma hukumar da ta yi bincike bayansa ta ce mafi rinjayen waɗanda aka kashe daga cikinsu ne. A kan gwagwarmayar kare haƙƙinsu Rigoberta Menchu, wadda ita ma 'yar Maya ce, ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992. Bayan sulhu aka amince musu su yi ibadarsu a wuraren kakanninsu, saboda haka a tsakiyar dandalin Tikal za ka iya tarar da dattawa sun hura wuta suna ƙona turare da kyandir. Ba don baƙi suke yi ba, kuma da yawansu ba sa son kyamara. A nan da kasuwar garin Chichicastenango ta Alhamis da Lahadi, sai ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, balle na yara.