Kada a Ɓoye Yaro Mai Nakasa a Ɗaki

A ƙauyukan da ke kewaye da Parakou da Djougou, har yau akwai gidajen da idan an haifi yaro makaho, ko kurma, ko mai murɗaɗɗiyar ƙafa, sai a ɓoye shi. Wasu su ce aikin aljanu ne, wasu su ɗora wa uwar laifi. Ba haka ba ne. Nakasa takan zo daga wahalar haihuwa, ko ciwo irin su sanƙarau, ƙyanda da shan inna. Wani lokaci kuma haka aka halicci yaron tun a ciki. Ba laifin kowa ba ne.

Dokar ƙasa tana bayan wannan yaro. A shekarar 2012 Benin ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu. Ranar 29 ga Satumba 2017 kuma aka kafa doka mai lamba 2017-06, wadda ta hana nuna musu bambanci wajen neman magani, karatu da aiki. Dokar ta tanadi wani kati da ake kira “carte d'égalité des chances”, domin mai shi ya samu sauƙi wajen jinya da tallafi.

Iyaye, ga abin yi. Da farko ku yanka wa yaron takardar haihuwa, don in babu ita shiga makaranta da neman katin za su yi wuya. Sannan ku kai shi asibiti da wuri. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, idan aka fara ɗaure masa ita da filasta a makonnin farko, yawanci takan miƙe, ya yi tafiya kamar kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai babban asibitin Borgou a Parakou, akwai na Ordre de Malte a Djougou.

Bayan haka ku je ofishin jin daɗin jama'a na yankinku, wanda a da aka fi sani da CPS, ku tambayi yadda ake samun katin. A Parakou akwai cibiyar makafi inda yara ke koyon karatu da yatsa.

Maƙwabta ma suna da nasu aikin. Uwar da ke goyon ɗan shekara bakwai tana bukatar mai karɓarta ranar kasuwa. Ku riƙe mata shi, ku kira shi da sunansa, ku bar 'ya'yanku su yi wasa da shi.