Silinda guda ta mutu: a tsaya ko a ci gaba?

Idan mota ta fara kakkarwa a tsaye, tana shaƙewa wurin hawa, warin ɗanyen mai na fita ta bututun hayaƙi, sau da yawa silinda guda ce ta daina cin wuta. A inji mai silinda 4, irin na Peugeot 504 ko Toyota Corolla, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ya tafi ke nan. Direbobi da dama kan ce tunda tana tafiya, sai an sauke kaya a gyara. Nan hasara take farawa.

Man da bai ƙone ba yakan wanke baƙin man da ke jikin silinda, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Saura ya tsiyaya ƙasa ya tsinka baƙin man, zobban fistan da sauran sassa su lalace. A motocin zamani kuma, man yakan je ya ƙone cikin matatar hayaƙi, zafi ya narkar da ita. Shi ya sa fitilar inji ke ƙyaftawa: gargaɗi ne a tsaya.

Sanadin sau da yawa ƙarami ne: buji da ya mutu, bobin, waya, ko gurɓataccen mai. Amma daga Maraɗi zuwa Damagaram kilomita fiye da 200 ne, kuma kowane kilomita ƙarin ɓarna ne. Wanda ya ƙi sayen buji yau, gobe sai ya sauke inji. Rigakafi, ƴan uwa, ya fi magani.