Suna ɗaya, firgici daban-daban: Yadda jirgin lilon Space Mountain ya bambanta daga Amurka zuwa Faransa da Japan

Kusan kowane gida a zangunan Kumasi, daga Buokrom zuwa Aboabo, Asawase da Sawaba, yana da wani nasa a ƙasashen waje. Wani na Bronx a birnin New York, wata na Faransa, wasu na Jamus ko Italiya. Idan hutun makaranta ya zo, mai ɗan hali a cikinsu kan kwashi yara zuwa ɗaya daga cikin wuraren wasan kamfanin Disney, sai hotuna da bidiyo su yi ta shigowa waya. A cikin bidiyoyin nan akwai wanda ba a ganin komai a cikinsa sai duhu da 'yan fitilu masu walƙiya, ga ihun mutane kamar ana yanka su. To wannan shi ne Space Mountain.

Jirgin lilo ne, wato 'yan tarago da ke gudu a kan dogo mai hawa da gangara da lanƙwasa. Abin da ya raba shi da sauran shi ne an rufe shi a cikin wani katafaren gini mai kama da murfin faifai, aka kashe fitilu, aka sa mutum ya ji kamar yana yawo a sararin samaniya. An gina shi a wurare biyar a duniya, duk da suna ɗaya. Sai dai masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya hau na Kalifoniya ya sauko yana dariya, idan ya je na Faransa da wannan tunanin, zai sha mamaki. Kuma ba wasa ba ne ga iyalin da suka tara kuɗi wata da watanni, suka je, aka mayar musu da yaro a bakin ƙofa saboda tsawonsa bai kai ba.

Daga ina abin ya samo asali?

A 1959 aka buɗe wani jirgin lilo mai suna Matterhorn a Disneyland da ke Kalifoniya, wanda shi ne na farko da aka yi wa dogo da bututun ƙarfe. Da Walt Disney ya ga yadda matasa ke rububinsa, sai ya nemi a yi wani makamancinsa a cikin duhu. Mai zane John Hench ne ya fitar da siffar ginin. Amma kwamfutocin wancan zamani ba su kai su kula da irin wannan aiki ba, Walt Disney kuma ya rasu a watan Disamban 1966 bai ga ginin ba. Sai bayan shekara takwas da rasuwarsa aka kammala na farko.

Fulorida: dattijon da har yanzu yake girgiza ƙashi

Na farkon yana Magic Kingdom, kusa da birnin Orlando, an buɗe shi ranar 15 ga Janairu, 1975. James Irwin, ɗaya daga cikin 'yan sama jannatin da suka taka duniyar wata, yana cikin manyan baƙin ranar. Ginin ya kai tsayin mita 56, faɗinsa kuma mita 91. Dogo biyu ne a ciki, ana ce musu Alpha da Omega, kowanne ya kusa kilomita ɗaya, suna kallon juna kamar hannun dama da na hagu.

Zaman cikinsa irin na babur ne: ɗaya a bayan ɗaya, mutum uku a kowane tarago, tarago biyu a haɗe. Babu wanda zai zauna a gefenka ka riƙe hannunsa. Wannan kaɗai ya isa ya tsorata yaro, domin uwa na gaba ko baya, ba ta kusa.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne gudunsa. Iyakarsa wajen kilomita 44 a awa. Ka tuna dokar hanya a Ghana ta yarda mota ta yi kilomita 50 a cikin gari. Ke nan direban trotro da ya samu hanya a buɗe daga Tafo zuwa Kejetia yana iya wuce shi ba tare da ya karya doka ba. Amma duk da haka manya na saukowa daga cikinsa ƙafa na rawa. Tsohon dogo ne, yana da fizga da girgiza, kwanarsa kuma ba ta sallama. Tafiyar minti biyu da rabi ce. Yaron da bai kai santimita 112 ba, ba a barinsa ya hau.

Kalifoniya: ƙarami amma mai santsi

Na biyu an buɗe shi ranar 27 ga Mayu, 1977 a Disneyland da ke Anaheim. Wurin ba shi da fili kamar Fulorida, don haka aka rage faɗin ginin zuwa wajen mita 61, aka yi dogo ɗaya tak, aka kuma haƙa ƙasa aka nutsar da wani ɓangare nasa don kada ya danne sauran gine-gine.

A nan bibbiyu ake zama, kafaɗa da kafaɗa, mutum 12 a kowane jirgi. Gudunsa ya ɗan haura kilomita 50 a awa, wato ya fi na Fulorida, amma ba ya dukan jiki kamarsa. Dalili kuwa, a 2003 aka rufe shi, aka tumɓuke dogon gaba ɗaya aka shimfiɗa sabo a kan tsohon tsari, aka sake buɗewa a watan Yulin 2005. Yawancin tafiyarsa kewaye ne, yana ta karkata yana ƙara wuta har ƙarshe, ba yawan faɗawa ƙasa ba.

Babban abin da masu hawa ke yabawa shi ne kiɗan. Akwai lasifika a jikin kujerun, kuma kiɗan da Michael Giacchino ya tsara yana tafiya daidai da motsin jirgin: yana hawa a hankali lokacin da ake hawa, ya ɓarke lokacin da aka sako. Na Fulorida ba shi da lasifika a kujera, daga gefen dogo sautin ke zuwa. Tsawon da ake nema a nan santimita 102 ne, don haka ƙananan yara sun fi samun shiga.

Tokiyo: wanda aka rushe yana cikin aiki

Na Japan ya fara aiki tare da Tokyo Disneyland ranar 15 ga Afrilu, 1983, kuma kusan kwafin na Kalifoniya ne. Wanda ke shirin zuwa ya sani cewa yanzu babu shi. Ranar 31 ga Yuli, 2024 aka rufe shi bayan shekara 41. Kamfanin Oriental Land, wanda shi ne mamallakin wurin, ya sanar cewa zai buɗe sabo fil a 2027. Ba don ya daina jan jama'a aka rufe shi ba, har ranarsa ta ƙarshe layi ake bi.

Faransa: wannan fa ba na yara ba ne

Idan sauran 'yan uwan juna ne, na Faransa suna kawai ya ara. An buɗe wurin wasan a 1992 a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Faris, ya kuma fara da asara mai yawa. Ana neman abin da zai jawo matasan Turai, sai aka gina wannan jirgi, aka buɗe shi ranar 1 ga Yuni, 1995. A wannan shekarar ce wurin ya fara cin riba.

An ɗauko labarinsa ne daga littafin marubucin Faransa Jules Verne na 1865, inda aka harba mutane zuwa duniyar wata daga cikin wata ƙatuwar igwa. Shi ya sa a jikin ginin za ka ga igwa a kwance tana kallon sama. Sauran jiragen sarƙa ce ke jan su a hankali zuwa ƙololuwa, sannan a sake su nauyinsu ya gangaro da su. Wannan kuwa harba shi ake yi. Jirgin zai tsaya a cikin igwar, fuskarka na kallon sama, sai kawai a cilla ku. Cikin daƙiƙa biyu ko makamancin haka ya kai kilomita 70 a awa, kuma hawa yake yi, ba gangara ba.

A ciki, sau uku yake kifar da mutum, kai ƙasa ƙafa sama. Babu wani Space Mountain da ke yin haka sai shi. Saboda haka ɗaurinsa ma daban ne: ta kafaɗa ake kulle mutum, ba sandar cinya kawai ba. Kamfanin Vekoma na ƙasar Holan ne ya ƙera dogon, mutum 24 ke shiga jirgi ɗaya. An sauya masa labari a 2005, sannan a 2017 aka mayar da shi kan finafinan Star Wars, aka sa masa suna Hyperspace Mountain. Tsawon da ake nema santimita 120 ne.

Hong Kong da Shanghai

Na biyar yana Hong Kong, an buɗe shi ranar 12 ga Satumba, 2005, a kan tsarin sabon na Kalifoniya, har da kiɗan cikin kujera. Shi ma daga 2016 an lulluɓe shi da labarin Star Wars. A Shanghai kuwa, da aka buɗe a 2016, ba a gina Space Mountain ba sam. Wani jirgi aka yi mai suna TRON, wanda ake hawa a duƙe kamar babur, gudunsa ya kusa kilomita 100 a awa.

Me ya sa duhu ke ƙara tsoro?

Sirrin duka yana nan. Idan kana cikin mota ka hango kwana, jikinka na shiryawa tun kafin a kai: wuya ya ƙage, hannu ya kama ƙarfe. A cikin duhu ido ba ya ba da labari. Saura kawai wani ɓangare na cikin kunne da ke auna karkata da motsi, shi kuma sai abu ya faru yake sanarwa. Kowace kwana sai ta zo maka ba zato. Ga kuma ɗigon haske da ake haskawa kamar taurari suna wucewa, ga iska a fuska, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka gudun ya ninka yadda yake. Duk wanda ya taɓa saukowa daga bene a daren dumsor ya san yadda matakala ɗaya ke zama kamar rami.

Tambayar da mutumin Kumasi zai fara yi ita ce: to idan wuta ta ɗauke fa? An raba dogon gida-gida, kowane gida da birkinsa, kwamfuta kuma ba ta barin jirgi ya shiga gidan da wani bai fita ba. Irin waɗannan birki an ƙera su ne yadda ƙarfin wuta ko na iska ke buɗe su, in ƙarfin ya yanke sai su kama da kansu. Ke nan ɗaukewar wuta tsayar da jirgi take yi, sai ma'aikata su kunna fitilu su fito da mutane.

To wanne ya fi?

Ya danganta da wanda zai hau. Iyali mai ƙananan yara, ko wanda bai taɓa hawa irin wannan abu ba, na Kalifoniya ko na Hong Kong ya fi masa: zama bibbiyu, tafiya mai santsi, babu kifewa. Matashin da ke neman abin da zai kaɗa masa hanji, Faransa zai nufa. Na Fulorida kuwa na masu son tarihi ne da waɗanda bayansu ke da ƙwari.

Kafin a sayi tikiti, a auna yaro da awo a gida, kada a dogara da shekaru, domin ma'aikatan wurin ba sa jin magiya. Kamfanin da kansa yana gargaɗin masu hawan jini, ciwon zuciya, ciwon baya ko wuya da su haƙura, haka ma mata masu juna biyu. Wannan gargaɗi ya fi shafar iyayenmu da ake ɗauka daga gida a kai su ziyara, jikoki su ja su cikin layi ba su san abin da ke gaba ba. Hula, gyale da tabarau a ɗaure su ko a adana, waya a aljihu mai zif. Kuma a duba shafin wurin kafin a tashi, don akan rufe jirgi na makonni saboda gyara.

Mu kuma a nan gida fa?

Kumasi ba ta da jirgin lilo irin wannan. Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi an kalli hawan sarakunan Zango, inda yara ke nufa sanannu ne: gidan namun daji da ke kusa da Kejetia, Rattray Park da aka buɗe a 2015, Kumasi City Mall da ke Asokwa tun 2017, ko kuma a yi hayar mota zuwa tafkin Bosomtwe. Filin wasan yara na Amakom kuwa ya shafe shekaru a yashe. Daga cikin manyan wuraren wasa na cikin gini akwai na ƙasashen Larabawa, irin IMG Worlds of Adventure a Dubai da Warner Bros. World a Abu Dhabi, kuma a watan Mayun 2025 Disney ya sanar zai kafa nasa a Abu Dhabi.

Wurin wasa mai rufi ya dace da gari irin Kumasi mai damina biyu a shekara, kamar yadda ya dace da Fulorida mai zafi da ruwan bazata. Amma duk mai tunanin zuba jari, ko hukumar da za ta ba shi izini, su dubi abin da ya raya waɗannan jirage. Na Fulorida ya haura shekara 50 yana aiki. Na Kalifoniya an sauya masa dogo bayan shekara 26. Na Tokiyo an rushe shi don a yi sabo. Ginawa rana ɗaya ce, kulawa kuwa kullum ce, da injiniyoyi, da kayan gyara, da wutar da ba ta yankewa. Kafin mu kai can, lilo da shillo masu lafiya a Amakom, da wurin da yaran Buokrom za su je da ƙafa su yi wasa ba a bakin titi ba, sun isa a fara da su.