Bayyana Kuskuren Ginin Jimla a Harsunan Kwamfuta

1. Gabatarwa

Umurnin da ake bai wa kwamfuta ana rubuta shi ne cikin harsuna ƙirƙirarru, irin su FORTRAN da C da Python, waɗanda kowannensu yake da kalmominsa da nahawunsa. Kafin na'ura ta aikata abin da aka umurce ta, sai wata manhaja mai aikin tafinta ta bi rubutun daki-daki, ta yi masa li'irabi, sannan ta mai da shi lambobin da na'urar take ganewa. Idan rubutun ya saɓa wa nahawu, tafintan yakan tsaya ya aiko da saƙo. Wannan maƙala za ta duba yadda ake tsara wannan saƙo. Tushen matsalar shi ne, wurin da na'ura take gano kuskure sau da yawa ba shi ne wurin da marubuci ya yi kuskuren ba.

2. Asalin nahawun na'ura

Wannan fanni ya ɗebo da yawa daga ilimin harshe. A shekarar 1956 Noam Chomsky ya bayyana nahawu a matsayin jerin ƙa'idoji masu haifar da jimloli, inda jimla take rabuwa zuwa yankin suna da yankin aiki, kowane yanki kuma ya sake rabuwa har a kai ga kalma. A 1959, a wani taro da UNESCO ta shirya a birnin Paris, John Backus ya gabatar da hanya makamanciyar wannan domin siffanta harshen ALGOL. Peter Naur ya gyara ta, ya yi amfani da ita cikin rahoton ALGOL 60 na shekarar 1960. Tun daga nan bishiyar li'irabi, wadda masu nazarin Hausa suka sani, ta zama kayan aikin masu gina harsunan kwamfuta.

Sai dai akwai bambanci babba. Mai sauraro ɗan Adam yakan cike gurbin abin da mai magana ya tsallake, domin ya san manufa. Na'ura kuwa ba ta da wannan sani. Waƙafi ɗaya idan ya ɓace, bishiyar ba za ta ginu ba.

3. Wurin ganowa da wurin kuskure

Yawancin hanyoyin li'irabi, har da wadda Donald Knuth ya bayyana a 1965 mai suna LR, suna karanta rubutu daga hagu zuwa dama, kalma bayan kalma. Suna ci gaba muddin abin da suka karanta zai iya zama farkon jimla ingantacciya, suna tsayawa a kalmar farko da ta toshe kowace hanya.

Misali daga Hausa zai fayyace wannan. Idan ɗalibi ya rubuta "Yarinya ya tafi kasuwa", mai karatu zai yi tuntuɓe a kan "ya". Amma ba tabbas cewa nan ne laifin yake. Mai yiwuwa "ta" aka yi nufi, mai yiwuwa kuma "yaro" aka so rubutawa tun farko. Tuntuɓen yana a kalma ta biyu, alhali kuskuren yana iya kasancewa a ta farko.

Ga misali daga harshen Python:

kuɗi = (gero + dawa
print(kuɗi)

An buɗe baka a layi na farko, ba a rufe ta ba. Ƙa'idar Python ta yarda abin da ke cikin baka ya ƙetara zuwa layi na gaba, saboda haka na'ura ba ta ga laifi a layi na farko. Sai ta iso kalmar print sannan ta rasa mafita. Shekaru da dama saƙon da ake samu a nan yana nuna layi na biyu ne, yana cewa ginin jimla bai inganta ba. Ɗalibi sai ya zura wa layin ido, ya goge, ya sake rubutawa, alhali layin lafiyarsa ƙalau. Sai a fitowar Python 3.10, cikin watan Oktoba na 2021, aka sauya saƙon: yana komawa layi na farko, ya nuna bakar, ya ce ba a rufe ta ba. Dabarar ba ta da wuya. Na'ura takan ajiye lambar layin kowace baka da aka buɗe, ta share ta idan an rufe, abin da ya rage a ajiye kuwa shi ne abin zargi.

4. Siffofin saƙo mai amfani

Manhajar yacc, wadda Stephen Johnson ya rubuta a ɗakunan binciken Bell na Amurka cikin shekarun 1970, ta sauƙaƙa gina tafintoci ƙwarai. Amma saƙonta na asali kalmomi biyu ne kacal na Ingilishi, masu ma'anar "kuskuren ginin jimla". Wanda bai ƙara aiki a kanta ba, abin da zai miƙa wa masu amfani da harshensa ke nan. Gogewar shekaru ta nuna cewa saƙo nagari yana buƙatar abubuwa huɗu.

Na farko, ya faɗi wuri: sunan fayil, lambar layi, da matsayin harafi cikin layin. Ya fi kyau a sake buga layin kansa tare da ƴar alama a ƙarƙashin gurbin. Tafintan Clang ya yi suna da wannan, GCC kuma ya soma yin haka a fitowarsa ta 4.8 a 2013.

Na biyu, ya faɗi abin da aka tarar da abin da ake sa rai. Na'ura tana da wannan bayani a hannu, domin nahawun ya ƙayyade kalmomin da za su iya zuwa a kowane mataki. Idan sun yi yawa, sai a zaɓi mafi kusa a ambata.

Na uku, ya yi magana da harshen marubuci. Sunayen da masu gina tafinta suka laƙaba wa ƙa'idojinsu na ciki ba su da ma'ana ga ɗalibi.

Na huɗu, ya ba da shawara idan akwai hujja. A 1964 Fred Damerau ya ruwaito cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kuskuren rubuta kalma iri huɗu ne: ƙara harafi ɗaya, tsallake ɗaya, musanya ɗaya da wani, ko juya biyu maƙwabta. Da wannan ma'auni na'ura za ta iya neman kalma mafi kama da wadda aka rubuta. Ya kamata shawarar ta zo da sigar tambaya, domin zato ne.

5. Ci gaba bayan kuskure

A zamanin da ake shigar da umurni ta katunan hudawa, ɗalibi yakan miƙa katunansa ya jira awoyi kafin sakamako. Tafintan da ke tsayawa a kuskuren farko yakan jawo masa zirga-zirga sau goma saboda kurakurai goma. Wannan ya sa jami'o'i suka gina nasu. A 1965 ɗalibai huɗu na Jami'ar Waterloo ta Kanada suka rubuta WATFOR domin koyar da FORTRAN, wanda ya shahara da bayyanannun saƙonni. Jami'ar Cornell ta Amurka ta fito da PL/C wajen 1970, wanda yake ƙoƙarin gyara kuskuren da kansa, ya sanar da abin da ya sauya, sannan ya ci gaba.

Hanya mafi sauƙi ita ce, bayan kuskure na'ura ta tsallake kalmomi har ta iske alamar da ke nuna ƙarshen jimla, kamar waƙafi mai ruwa a harshen C, ta soma daga can. Haɗarin shi ne, idan ta soma a mugun gurbi, kuskure ɗaya yakan haifi saƙonni masu yawa na ƙarya, su binne na gaskiyar. Shi ya sa yacc yake yin shiru bayan kuskure har sai ya karɓi kalmomi uku a jere lafiya.

6. Abin da ya shafi Hausa

Matsaloli biyu sun taɓa mai rubutu da Hausa kai tsaye. Ta farko ita ce alhamza. A Python alamar da Hausa take rubuta alhamza da ita tana buɗe zance tana rufe shi. Wanda ya rubuta print('sa'a') zai sa na'ura ta ɗauka zancen ya ƙare a "sa", alama ta uku kuma ta buɗe sabon zance da ba a rufe ba. Saƙon zai zargi alama ta uku, alhali ta tsakiya ce sanadi.

Ta biyu ita ce haruffa masu lanƙwasa. A tsarin UTF-8, haruffa ɓ, ɗ, ƙ, ƴ kowanne yana cin gurbi biyu a ma'adanar na'ura, inda b ko d yake cin ɗaya. Tafintan da ke ƙidaya gurabe maimakon haruffa zai ba da matsayi da ya goce da ɗaya bayan kowane harafi mai lanƙwasa.

7. Kammalawa

Saƙon kuskure shi ne rubutun da mai koyon harshen kwamfuta ya fi karantawa a makonninsa na farko, sau da yawa ba malami a kusa. Duk shirin da zai mai da waɗannan saƙonni zuwa Hausa yana buƙatar a fara daidaita sunayen alamomin rubutu, irin su baka, waƙafi, ruwa biyu da alamar zance, yadda za su dace da waɗanda ake koyarwa a azuzuwan yaƙi da jahilci. Ya kamata kuma a gwada kowane saƙo a kan masu koyo, a lura ko ya kai su ga layin da ke buƙatar gyara. Fassarar saƙon da ke nuna layin da ba shi da laifi ba za ta rage wa ɗalibi wahala ba, kome kyawun Hausarta.