Mas'alar Gwaiwa a Tiyatar Saukar da Marainan Yara

Yana daga cikin hikimar Ubangiji a halittar ɗa namiji cewa marainansa a can cikin ciki suke fara samuwa, kusa da ƙoda, sai wajen wata na bakwai zuwa na takwas na ciki su gangaro ta wata 'yar hanya da ke gefen mara, bayan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki ya miƙa wani zirinsa ya riga su shiga, wanda bisa ga al'ada yakan manne ya toshe bayan sun wuce. Amma a cikin jarirai maza 100 da suka cika watanninsu akan sami kamar 3 waɗanda ƙwai ɗaya ko duka biyun suka tsaya a hanya, a bakwaini kuwa abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Da yawa sukan sauko da kansu kafin wata 6. Bayan nan jira ba shi da fa'ida, domin zafin cikin jiki yana illata ƙwan sannu a hankali, ya raunana haihuwa, shi ya sa likitoci suka yi ittifaƙi a kan a yi aikin tsakanin wata 6 da wata 18.

To, a duk inda ƙwai ya tsaya, galibi zirin nan yakan zauna a buɗe, wannan kuwa shi ne asalin gwaiwar yara, domin ta nan hanji yake zurarowa ya kumbura gefen mara. Kukan yaro, da iyaye mata suke ɗora wa laifi, bayyana ta kawai yake yi.

Tun a 1877 wani likita mai suna Thomas Annandale ya yi nasarar saukar da ƙwai ta hanyar yanka a Edinbara, har yau kuma haka ake yi wa wanda hannu yake iya laluɓowa. Matsalar tana ga kamar kashi ɗaya cikin biyar da ba a jin su sam, waɗanda a 1976 Cortesi da abokan aikinsa a Italiya suka fara nema da madubin leƙen ciki. A yau, bayan an sa yaro barci, akan hura masa iska a ciki, a zura siririyar kyamara ta cibiya, da ƙarafa biyu masu kaurin milimita 3 ko 5, a saki jijiyoyin ƙwan, a jawo shi a zaunar a jakarsa. Likita kuwa, tun da daga ciki yake dubawa, yana ganin bakin hanyar dama da na hagu ƙuru-ƙuru.

A nan ne saɓani ya auku tsakanin masana. Wasu sun ce a kewaye bakin da zare a ja, kamar yadda ake jan zariyar wando, don kada gwaiwa ta biyo baya. Wasu kuwa sun kafa hujja da cewa tantanin da aka yanka wajen sakin ƙwan yakan warke ya rufe da kansa, alhali ɗinkin yana iya matse jijiyar jini ko bututun maniyyi da ke daf da wurin. Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta ɗaya gefen, mai lafiya, idan aka tarar da bakinsa a buɗe, domin mafi yawan irin wannan ba ya zama gwaiwa har abada, amma wanda ya zama, sai an sake sa yaro barci a karo na biyu. Abin da ya fi rinjaye a ganina shi ne, inda an taɓa ganin kumburi, rufewa ta wajaba. Inda kuwa kyamara kaɗai ta gano ƙofar, haƙƙin iyaye ne a yi musu bayanin maslaha da haɗarin kowane ɓangare tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Yaron da ke jiran ranar aikinsa, idan kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga amai, ga kuka ba ƙaƙƙautawa, to hanji ne ya maƙale, jini yana iya yanke masa shi da ƙwan cikin 'yan sa'o'i, don haka a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, kada a tsaya gashi ko jiƙo.